Tafintan Ammariyya da Rigimar Ci da Sha

Wanda bai taɓa tsayawa tsakanin mutum biyu da ba sa jin yaren juna ba zai ɗauka wahalar tafinta tana wurin manyan kalmomi, irin sunan cuta ko zancen kotu ko mas'alar fiƙihu. Ba nan take ba. Babbar kalma wuri ɗaya take zama, in ka haddace ta yau, gobe ma a nan za ka tarar da ita. Mai kayar da mutum ita ce 'yar ƙaramar da kowa ke faɗa sau ɗari kafin azahar: ci, sha, ji, kama. Gwanayen wannan fage kuwa, da yawansu a tsofaffin unguwannin Jidda suka tashi.

Ɗaya daga cikin unguwannin nan, Ammariyya, tana daf da Balad, tsohon garin da aka rushe ganuwarsa a 1947. A cikinta ne maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u take, wadda alhazanmu kan leƙa kafin su hau jirgi. Maƙwabciyarta Kandara, a wajenta tsohon filin jirgin sama yake kafin a buɗe na Sarki Abdul'aziz a 1981. Kafin zamanin jirgin sama kuma, ta teku ake shigowa daga Sawakin ko Fot Sudan, bayan an ratso Chadi da Sudan a ƙasa, wani ya shekara biyu a hanya, wani ya shekara goma yana noma yana tara guzuri. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a da dama sun yi gabas. Wasu sun tsaya a Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wasu sun ƙetara Hijaz ba su komo ba. Jikokinsu ne masu laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi. A tawagar ƙwallon Saudiyya da ta je gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018 akwai Hausawi har uku, Usama da Umar da Mu'utaz, Usama ne ma kyaftin.

Mu a gida Takari muke ce musu, wani lokaci da ɗan yatsina, musamman ga waɗanda suka zo daga baya suka zauna ba takarda. Amma ranar da tsohuwa ta ɓata a kasuwa, ko dattijo ya kwanta ciwo, ko kaya suka maƙale a wurin awo, waɗannan Takarun ake nema ruwa a jallo. Yaron da ya tashi yana jin Hausa a ɗakin kakarsa, da ya fito ƙofar gida kuma sai Larabcin Hijaz, ya samu abin da makaranta ba ta bayarwa. Tun can tsarin aikin hajji ya san da bukatarsa: wakilai a Jidda masu tarbar baƙi daga jirgi, muɗawwifai a Makka, dalilai a Madina, babu wanda zai iya da alhazan Afirka ta Yamma ba tare da mai juya magana a gefensa ba. Shi kansa Sheikh Abubakar Gumi, kafin ya zama Alƙalin Alƙalai, kafin ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya yi wa Gwamnatin Arewa aikin tafinta da kula da alhazai a Saudiyya a ƙarshen shekarun 1950.

To, mu ɗauki ci. Bahaushe yana cin tuwo, yana cin kasuwa, yana cin bashi, yana cin jarrabawa, yana cin zaɓe, yana cin gado, yana cin amana, yana cin mutunci, a ci shi tara, ya tafi cin rani, rigarsa ta ci yadi goma, wuƙarsa tana ci, fitilarsa tana ci. Balarabe yana da akala, amma akala ba za ta ɗauki rabin wannan kaya ba. Wanda ya ci jarrabawa najaha ya yi, wanda ya ci zaɓe faza, wanda ya ci gado warisa, wanda ya ci amana khana. Abin da ke ruɗin ɗan koyo shi ne wani lokaci harsunan biyu sukan dace cif. Wuta tana ci a Hausa, tana ci a Larabci. Cin dukiyar maraya ma haka. Da ya ga an dace sau biyu sai ya saki jiki, ya ɗauka hanya ce shimfiɗaɗɗiya, nan ne kuma ramin yake.

Ga ɗan kasuwar Kwari ya shiga shagon mai atamfa da shadda a Balad, yana son ya yaba wa mai shagon kayan bara. Ya ce da yaron da ke masa tafinta, “Ɗana, gaya masa wancan zuwan na ci riba sosai da kayansa.” In yaron ya bi kalma da kalma ya ce akaltu riba, ya gama da Alhaji, domin a kunnen Balarabe cin riba shi ne cin kuɗin ruwa, zunubin da Alƙur'ani ya yi kashedi a kansa da kakkausar murya. Ribar Bahaushe ribh ce a Larabci. Gwani ba ya ko ɗaga gira, zai ce Alhaji ya samu ribh mai kyau, Allah ya sa albarka, mai shago ya washe baki ya aika a kawo shayi. Daƙiƙa guda aka yi abin, kuma babu wanda ya san an tsallake wani abu, har shi Alhajin da aka tsallakar.

Ita albarkar ma da nata. A kasuwar Kurmi in mai kaya ya ce maka “albarka”, ya ƙi tayinka ke nan, sai ka ƙara. A Jidda in aka kai ga ambaton baraka ana sa wa juna albarka, ciniki ya faɗa. Alhajin da ya zo da ɗan abin sayarwa don ya ƙara guzuri, ya ji tayin ya yi ƙasa ya ce albarka, yana iya ganin mai saye ya miƙo kuɗi yana murna. Tafinta ne zai yi wuf ya shiga tsakani tun rigima ba ta tashi ba.

Sha ta fi ci wayo. Muna shan ruwa, muna shan magani ko da ƙwaya ce busasshiya, muna shan mangwaro da rake da kankana waɗanda Balarabe ci yake yi, muna shan wahala, muna shan duka, muna shan kaye, muna shan iska wadda shi shaƙa yake yi. “Na sha gaya maka” kuwa babu ko ɗigon ruwa a ciki. A watan azumi, in Hajiya ta tambaya ko an sha ruwa, ba ƙishirwar kowa take tambaya ba, buɗa-baki take nufi.

Nan Turkanci yake da daɗin saurare. Turkawan Usmaniyya sun riƙe Hijaz kusan shekara 400, daga 1517 zuwa 1916, sun kuma bar kalmomi a bakin mutanen Jidda: kubri gada, shanɗa jaka, dugri wato miƙe kai tsaye. Har yau alhazan Turkiyya suna cikin masu yawa, ana gogayya da su a kasuwa da masallaci. Su ma suna da ci da sha masu yawo, yemek da içmek. Baturke yana shan taba kamar mu, yana shan magani, har rantsuwa yana sha, kamar yadda gwamna yake shan rantsuwar kama aiki. Yana cin haƙƙin mutum kamar yadda muke faɗa. Amma duka ci yake yi, mu kuwa sha muke yi. In aka zo maganar tara, a wurinmu hukuma ce ke cin mai laifi, a wurinsu mai laifin ne ke cin hukuncin. A filin ƙwallo abin ya juye gaba ɗaya: in Baturke ya ce gol yedik, wato mun ci ƙwallo, kuka yake yi, an zura musu ne. Bakano ya faɗi wannan jimla yana tsalle.

Kowane harshe da irin waɗannan 'yan iskan kalmomi. Masu babban ƙamus ɗin Oxford da suka sake bitar kalmar run ta Ingilishi a 2011 sun fitar mata da ma'ana 645 a matsayin aikatau kaɗai. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934, ko na Jami'ar Bayero na 2006, ya duba ci, zai ga yadda bayani yake ta zuba. Sai dai ƙamus jerawa yake yi, ba ya zaɓa. Zaɓen shi ne aikin, kuma a tsaye ake yin sa, mutum biyu sun zuba maka ido.

Inda na fi jinjina musu shi ne asibiti. Ka ga dattijuwa daga wani ƙauyen Katsina zaune a gaban likita Bamisire, wata matashiya haifaffiyar Jidda tana tsaye a kanta. Likita ya tambayi abin da ke damunta. Tsohuwa ta ce, “Da sauƙi.” Matashiyar ba ta juya wannan ba, domin ta san Bahaushe ko yana gargara da sauƙi zai ce. Sai ta sunkuya ta ce, “Inna, ai sauƙi na Allah ne. Ina ne ke miki ciwo?” Tsohuwa ta ce zuciyarta ke tashi. Kalmar zuciya in ta faɗa kunnen likita a matsayin ƙalb, sai a jawo na'urar awon zuciya, alhali amai ne ke taso wa baiwar Allah. Ta ce kuma tana jin sanyi. Matashiyar ta dakata: sanyin na'urar ɗaki ne, ko rawar ɗarin zazzaɓi, ko sanyin ƙashi, ko kuwa ciwon sanyi irin na mata wanda tsohuwa ba za ta taɓa faɗa a gaban namiji ba? Ta yi ƙasa da murya ta tambaya, ta sami amsa, sannan ta ɗago ta faɗa wa likita da kalmar da ta dace, fuskarta ba yabo ba fallasa. Tsohuwa ta ƙara da cewa bara ta yi shawara. Ba mashwara ba ce, ba wanda ta nemi ra'ayinsa, ciwon da ke sa ido ya yi ɗorawa take nufi, wanda likita ya sani da yaraƙan, kuma jin haka zai sa ya duba hanta.

A irin wannan zama akan bi ta kan ciki, wanda ke iya zama tumbi ko juna biyu. Akan bi ta kan ji, wanda Balarabe ya raba gida-gida, na kunne daban, na jiki daban, na hanci daban, na fahimta daban. “Ba ta ji” na iya nufin kurma ce, ko ba ta gane Larabci ba, ko taurin kai gare ta. In aka ce daji, sai an tabbatar ba jeji ake nufi ba.

Yaya suke yi? Abu na farko, ba sa gaggawar kama aikatau. Suna jira su ji abin da aka ci ko aka sha, domin ma'anar tana wurin abin da ya biyo baya. Na biyu, suna sauraron bakin mai magana kafin maganarsa. Basakkwace da Bakano da mutumin Damagaram da ɗan zangon Kumasi ba ɗaya suke sarrafa kalma ba, kuma a Jidda duk ana haɗuwa da su a layi ɗaya. Haka ta ɓangaren Larabawa: laban a bakin Bamisire madara ce, a bakin mutumin Jidda nono ne mai tsami. Khalas kuwa sai ka duba fuska da hannu, don tana iya zama ya ƙare, ko ya isa haka, ko na yarda, ko tashi ka ba ni wuri. Sannan gwani ba ya jin kunyar tambaya. Wanda bai ƙware ba ne yake tsoron a ce bai iya ba, sai ya yi cikon da ka.

Ba duka ne salihai ba. Akwai mai kai alhaji shagon da ya san za a ba shi la'ada, ya ce da mai shago abu ɗaya, ya ce da alhaji wani. Wanda ya iya tsallakar da kai rami ya san inda ramin yake. Amma wannan cin amana ne, ba ya rage komai daga gwanintar, kuma waɗanda suka raka marasa lafiya asibiti tsakar dare ba ko sisi ba a cika ba da labarinsu ba.

Abubuwa suna sauyawa. Tun 2020 Hausa tana cikin harsunan da ake fassara huɗubar Arafa da su kai tsaye, tare da Turkanci da Urdu da sauransu, kuma Hukumar Alhazai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 2006, tana tafiya da likitocinta da malamanta. Rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021 ya share tsofaffin unguwanni irin su Gulail da Karantina, inda 'yan Afirka suka daɗe, jama'a suka watse. Wanda a da za ka aika yaro ya kira shi daga lungu na gaba, yanzu sai dai a waya. Za ka ga alhaji a kantin magani ya kira ɗan ƙanwarsa, ya faɗi damuwarsa, ya miƙa wa mai kanti wayar, ya karɓa, ya sake miƙawa. Aikin ya ƙara wuya, don tafinta ba ya ganin inda mara lafiya ya dafa, sai ya yi ta tambaya: “Kawu, cikin ne ke murɗawa, ko ƙirjin ne ke zafi?”