Sunan fayil ba shi ne kayan da ke ciki ba

Idan ka san iyakar Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo, inda hanya ke shiga Segbana ta ƙasar Benin, ka san aikin shinge kashi biyu ne: rubuta lambar mota, da ɗaga tamfol a ga abin da ta ɗauko. Masu kula da sabar, irin wadda bankinka da POS ɗin unguwarku suka dogara da ita, sun ƙware a na farko. A na biyun ne muke da ƙorafi.

Cikin kowace sabar Linux akwai manhajojin bayan fage, masu aiki dare da rana ba tare da an taɓa su ba. Kana son sanin fayilolin da suke buɗewa? Yawanci lsof ake fara kira. Matsalarsa, hoto ɗaya yake ɗauka. Fayil ɗin da aka buɗe aka rufe cikin ƙiftawar ido ya wuce shi. Shi kuwa strace yana ganin komai, amma tsayar da manhajar yake a kowace buƙata da ta miƙa wa tsarin kwamfutar, kamar jami'in da ke tare kowace mota har layi ya yi tsawo. Opensnoop na Brendan Gregg ya fi sauƙin nauyi. To amma duka ukun sunaye kawai suke ba ka. Ba sa faɗin dalili.

Dubi abin da ya faru a Maris 2024. Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura sshd, wato manhajar da ke tsaron ƙofar shiga sabar daga nesa, tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ya tarar an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a liblzma, wani ɓangare na xz 5.6.0 da 5.6.1, manhajar matse fayiloli. Sunan liblzma dama yana cikin jerin abin da sshd ke lodawa a Debian da Fedora, ba ɓoye yake ba. Mai tsaron ƙofa me ya haɗa shi da matse fayil? Ta hannun libsystemd ya shigo, kamar kayan da aka saƙa a motar da kowa ya saba gani.

Don haka kada dogon jeri ya kwantar maka da hankali. Ajiye jerin yau, ka gwada da na bayan kowane sabuntawa. Duk fayil ɗin da ka gani, tambayi wa ya jawo shi, da aikin da ya zo yi. Wanda ka rasa amsarsa, nan za ka fara ɗaga tamfol.