Kuɗin Ƙofa Ya Kayar da Kokawa

Ni mutumin ƙasar Ɗambatta ne, inda gona ke manne da gona, har ba a samun filin wasa sai an kwashe amfani. Saboda haka a wurinmu kokawa 'yar kaka ce. Idan gero ya shiga rumbu, aka cire gyaɗa, sai samarin wannan ƙauye su aika wa na wancan goron gayyata. A share gona guda, makaɗa su zauna, jama'a su kewaye. Ba a biyan ko kwabo, kuma wanda aka kayar, kowa ya ga ƙasa a bayansa.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani a hutun da ya wuce. Ranar kasuwa sai ga mota da lasifika ana shela, wai za a kawo zaratan 'yan kokawa daga Nijar, ƙarfe huɗu daidai. Ƙanena har kaza ya sayar domin kuɗin ƙofa. Muka shiga fili an kewaye shi da zana, muka zauna cikin rana. Ƙarfe huɗu ta wuce, biyar ta wuce, ana jiran babban baƙo. Da ya iso, maroƙa suka yi masa caa, aka shiga jawabi da liƙi. Karawa uku kacal aka yi. Baƙin Nijar kuwa ko ƙeyarsu ba mu gani ba, kuma ba wanda ya ba mu haƙuri. A karawar ƙarshe ƙarti biyu suka riƙe juna suna zagaye kamar masu rawa, har aka kira magariba, alƙali ya ce canjaras, a dawo mako mai zuwa. Watau a sake biya ke nan.

Lalle ban ce karɓar kuɗi laifi ne ba. Ɗan kokawa yana da iyali, kuma idan ya karye ba kirari ne zai biya maɗori ba. Laifin shi ne masu shirya wasa sun mai da ɗan kallo mai saye, amma sun hana shi haƙƙin mai saye. Wanda ya biya kuɗin mudun dawa aka auna masa rabi yana da wurin kai ƙara a kasuwa. Mu fa, wa za mu kai wa?

Ga illa ta biyu, wadda ta fi muni. A da, ɗan kokawa sunan ƙauyensu yake ɗauke da shi, don haka haɗa baki abin kunya ne har ga jikoki. Yanzu kuwa hayarsa ake yi, yau nan gobe can, kuma mai biyansa ya fi son canjaras da kaye, domin canjaras ke dawo da 'yan kallo. Daɗin daɗawa, masu ɗaukar hoto da waya su ne a gaba, sun tare wa dattawa gani, saboda an fi kula da mai kallo a intanet a kan wanda ya tako da ƙafarsa.

Wani zai ce ai kokawar Amurka da muke gani a talabijin ma shiri ce. Haka ne. Amma a 1989 kamfanin WWF, wanda yanzu ake kira WWE, ya faɗa wa 'yan majalisar jihar New Jersey cewa wasansa nishaɗi ne, ba gasa ba. Mai kallonsu ya san wasan kwaikwayo ya saya. Namu kuwa da sunan gaske ake sayar mana, alhali kuwa biri ya yi kama da mutum.

In koyi za a yi, ga maƙwabta nan kusa. A 1975 aka fara gasar Takobi ta ƙasar Nijar a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko. Jihohi 8 ke karawa, kowace da 'yan kokawa 10, a san ranar farawa da ta gamawa, a watsa a rediyo da talabijin. Ban ce can babu ƙorafi ba, amma galibi ba a tashi sai an ga wanda ya ɗauki takobi. Shi ya sa mutanenmu ke kasa kunne ga rediyo, suna musu a kan Issaka Issaka na Doso kamar ɗan garinsu.

Shawarata ga masu shirya wasa guda uku ce. Wanda aka ambata a shela ya zo, in bai zo ba a mayar da kuɗi. A fara a kan lokaci, babban baƙo ya tarar da wasa. Alƙali kuma ya fito daga tsofaffin 'yan kokawa na ƙauyukan da ke karawa, ba yaron mai gida ba. Mu kuma ɗaliban Hausa, bai kamata mu tsaya ga tattara kirari a takarda ba, alhali filin da ya haifi kirarin yana lalacewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da manomi ya gaji da sayar da kazarsa, sai dai a yi wa zana kiɗa.

Allah ya kai mu kaka lafiya.