Fatsar Bas a Tafkin Iri Lokacin Hadari

A ƙasashen Amurka da Kanada akwai wani kifi mai launin tagulla da ake kira bas mai ƙaramin baki, wanda ko da yake bai cika girma ba, domin mafi nauyin da aka taɓa tabbatarwa shi ne wanda David Hayes ya kama a tafkin Dale Hollow a 1955, mai kilo biyar da ɗoriya, ya sami daraja wurin masu fatsa saboda tsananin kokawarsa da tsallen da yake yi sama idan ƙugiya ta kama shi. Tun 1881 likita James Henshall ya wallafa littafi sukutum a kan wannan dangin kifi. Galibin masu nemansa a yau ba don tukunya suke yi ba. Su kama, su auna, su mayar da shi ruwa da ransa.

Daga cikin abubuwan da mutanen wannan sana'a suka kusa yin ijma'i a kansu akwai cewa babu lokacin da bas yake cin ƙugiya kamar ɗan lokacin nan na watannin zafi, Yuni zuwa Agusta, sa'ad da hadari ya haɗo amma bai zuba ba. Cin kam gaskiya ne, gama shaidu sun yawaita. Dalilinsa ne ake saɓani a kai. Da yawansu sun jingina al'amarin ga raguwar nauyin iska, wai kifin yana jinta a jakar iskar da ke cikinsa, sai ya tashi neman abinci. A ganina wannan hujja mai rauni ce, domin sauyin da hadari yake kawowa bai wuce wanda kifi zai ji ba idan ya ɗaga ko ya nutsa taki ɗaya, abin da kuwa yake yi ke nan dare da rana.

Dalilin da ya fi kwanta mini a rai yana ga iska da haske. Bas da ido yake farauta, a kan duwatsu da tsakuwa yake zama, kuma idan rana ta take, ruwa ya yi garau, sai ya nutsa ya yi lamo. To, da zarar gajimare ya rufe rana, iska ta yamutsa fuskar tafki, raƙuman ruwa suka shiga dukan duwatsu suna tono ƙananan ƙaguwoyi da 'yan kifaye daga maɓoyarsu, sai ya sami duhun da zai fake da shi da abincin da ya rikice, ya fito ba shayi. Shi ya sa gwani yake nufar gaɓar da iska ke bugawa, ya kashe inji, ya jefa jakar yadi a ruwa don ta rage gudun jirgi, ya bar abin yaudararsa na roba yana jan ciki a ƙasa kamar gobi, ɗan kifin nan da jiragen dakon kaya suka shigo da shi daga nahiyar Turai wajen 1990, ya zama babban abincin bas.

Sai dai tafkin Iri, wanda ya fi dukkan Manyan Tafkuna biyar na Amurka da Kanada rashin zurfi, matsakaicinsa kimanin mita 19, ba ya jinkirin fushi. Raƙumansa gajeru ne masu tsayuwa, suna bin juna kurkusa, ƙaramin jirgi bai gama sauka daga ɗaya ba wani ya tarye shi. Ga kuma aradu, wadda takan faɗi nesa da inda ruwa yake zuba da kilomita 15, alhali mai fatsa yana tsaye a sarari, ya ɗaga doguwar sandar da lantarki ke bi. Masu aikin sun ce wani lokaci sandar takan yi ƙugi a hannu, zaren ya ƙi kwanciya a kan ruwa bayan an jefa shi, gashin jiki ya miƙe; wanda ya ga haka ya riga ya makara.

Abin da nake zargin al'adar da shi ke nan, musamman inda gasa da kuɗi suka shiga: ta yawaita ba da labarin wanda ya daure ya yi babban kamu, ta yi shiru a kan wanda ya ji tsawar farko ya naɗe zarensa, har samari suka ɗauki ganganci a matsayin tawakkali. Hukumar yanayi ta Amurka kuwa fatawarta a fili take, cewa duk wanda kunnensa ya ji tsawa aradu tana iya samunsa, ya fita daga ruwa, kada ya koma sai bayan minti 30 da jin ta ƙarshe.