Likitan da ke karkatar da hanyar abinci a cikin ciki

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen rundawa a kasuwar Bodinga ya san fasalin kayan ciki: ga tumbi, ga hanji a naɗe, ga hanta da madaciya. Amma a yanka tumbin mutum mai rai, a sake jona masa hanji a wani wuri, washegari ya tashi ya taka da ƙafarsa, wannan gwaninta ce ta daban, kuma na daɗe ina jinjina mata.

A Mandera da ƙauyukan da ke kewaye, ƙiba alamar jin daɗi ce a idon mutane, har sai ranar da aka kai mai ita asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato aka ce suga ya hau, jini ya cika da maiƙo. Irin waɗannan marasa lafiya, idan ƙibar ta wuce kima kuma magani ya gaza, su ne ake yi wa tiyatar rage ƙiba.

Edward Mason ne ya fara nau'inta na karkatar da abinci daga tumbi a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1966. A yau galibi likita ba ya tsaga ciki. Yakan huda ƙofofi huɗu ko biyar, ya hura iska ciki ya buɗe, ya zura kyamara, idonsa na kan allo hannunsa na aiki. Sai ya ware 'yar jaka daga saman tumbi, wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, ya jawo ƙaramin hanji daga ƙasa ya jona mata. Abinci ya daina bin sauran tumbi da farkon hanji ke nan. Mai lambu a gefen madatsar ruwa ta Shagari zai gane dabarar, domin shi ma da fartanya yake toshe wannan hanya ya buɗe waccan. Sai dai a nan ɗinkin ne ran aikin. Ya yi sako-sako, ruwan ciki ya tsiyaya, rai ya shiga haɗari. Ya matse da yawa, abinci ya ƙi wucewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne suga yakan sauka cikin 'yan kwanaki, tun majinyaci bai rame ba. Ƙarancin ci yana rage kitsen da ya lulluɓe hanta, ita kuma ta daina zuba suga a jini ba ƙaƙƙautawa. Sannan abinci yana isa ƙasan hanji da wuri, hanjin ya saki sinadarin GLP-1 da yawa, wanda ke sa jiki ya fitar da insulin a kan kari. Walter Pories ya bi marasa lafiya 608 har tsawon shekara 14, kuma a 1995 ya bayyana cewa kusan kashi 83 cikin 100 na masu ciwon suga a cikinsu sugansu ya daidaita.

Maiƙon jini ma yana bin sahu. A binciken da Philip Schauer ya jagoranta a asibitin Cleveland kan mutum 150, bayan shekara 5 maiƙon da ke yawo a jini ya ragu da kashi 40 ga waɗanda aka karkatar wa hanji, waɗanda ke kan magani kaɗai kuwa kashi 8. Kwalastaral mai amfani ya ƙaru da kashi 32 ga waɗanda aka karkatar wa hanjin. Amma kashi 29 ne kawai a cikinsu sugansu ya tsaya daidai da na mai cikakkiyar lafiya, wato ciwon yana iya dawowa.

Shi ya sa gwanin likita ba ya sallamar majinyaci da cire zare. Zai gaya masa cewa malmalar tuwo ta koma loma kaɗan a tauna sosai, a fara da nama ko wake ko ƙwai. Furar da aka cika wa suga ko lemon kwalba na iya jawo jiri da zufa da bugun zuciya. Majinyacin zai sha ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin B12 da sinadarin ƙarfafa ƙashi har iyakar rayuwarsa, a riƙa gwada jininsa duk shekara, kuma kafin watan azumi ya kama sai ya koma wurin likitan su zauna su tsara sahur da buɗa-baki.