Minti Uku Gaban Allo: Gwanintar Hikaru Nakamura

Duk ranar Talata, ɗaruruwan gwanayen wasan dara na ces sukan haɗu a dandalin Chess.com, kowa yana zaune a ɗakinsa, wani a Indiya wani a Ajantina, don gasar da ake kira Titled Tuesday. Sai mai lambar ƙwarewa ake bari ya shiga. Zagaye 11 ake yi, kuma an ɗau shekaru ƙa'idar ita ce kowane ɗan wasa minti 3 gare shi na wasan baki ɗaya, da ƙarin daƙiƙa 1 duk sanda ya yi taku. Agogonka na ƙarewa ka rasa nasara, ko da kuwa saura ƙiris ka ritsa sarkin abokin karawarka.

A wannan fage ne Hikaru Nakamura ya zama dodo. An haife shi a Japan a 1987, ya tashi a Amurka, kuma a 2003, yana ɗan shekara 15, ya sami lambar babban gwani, wadda ita ce mafi girma da hukumar ces ta duniya, FIDE, ke bayarwa. Ya ci kambun Amurka sau biyar. Amma abin da ke tara masa jama'a shi ne yana buga wasan ne kai tsaye a idon duniya, bakinsa bai yin shiru. Hannu na kan linzamin kwamfuta, yana zana kibau a kan allo, yana jero yadda za ta kaya: in ya ci nan, in rama, ya matso da doki, in kai wa sarki hari. Kafin mai kallo ya gane kibiyar farko, shi ya wuce ta biyar.

Mutane kan ɗauka saurin lissafi ne kawai. Akwai lissafin, amma ba shi ne gindin abin ba. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Adriaan de Groot, ya yi nazarin tunanin 'yan ces a 1946, sannan William Chase da Herbert Simon suka ɗora a 1973. Akan nuna wa mutum allon wasa na 'yan daƙiƙu, a rufe, a ce ya mayar da 'ya'yan inda ya gan su. Gwani kan mayar da mafi yawansu daidai, ɗan koyo kuwa sai 'yan kaɗan. Da aka watsa 'ya'yan barkatai, yadda ba za su taɓa zama a wasa na gaske ba, sai tazarar da ke tsakaninsu ta kusa ɓacewa. Ashe gwani ba gidaje 64 yake bi ɗaya bayan ɗaya ba. Gungu-gungu yake gani, kamar yadda wanda ya iya karatu ke ganin kalma ba tare da ya tsaya ƙirga baƙaƙenta ba. Abin da ya bayyana gare mu cikin ƙiftawar ido, shekaru ne na wasanni dubbai da suka kwanta a ƙwaƙwalwa.

Inda gwanintarsa ta fi burge ni shi ne yadda yake kashe lokaci. Zai yi taku goma sha biyar cikin 'yan daƙiƙu, don hanya ce da ya sani. Sai kwatsam ya tsaya cak, ya yi shiru, ya ɗaga ido sama, ya bar rabin minti ya tafi a kan taku guda. A wasan minti 3 wannan dukiya ce mai yawa. Ya gane cewa a nan wasan zai karye, sauran duk cikon hanya ne. Ɗan wasa matsakaici kan raba tunaninsa daidai wa daida a kan kowane taku, har agogo ya cim masa. Kuma idan Nakamura ya shiga matsala, ba ya neman takun da ya fi kowane inganci. Yakan nemi wanda zai fi wahalar da mutumin da ya rage wa daƙiƙa goma. Sau da yawa an ga wasan da ya lalace masa ya dawo hannunsa ta wannan hanya.

Akwai kuma dabarar da babu ita a allon katako: ɗana taku. Kafin abokin karawa ya motsa, kai ka riga ka faɗa wa kwamfuta abin da za ka yi, da ya taka sai naka ya fita nan take. A Chess.com kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kawai ake cire maka. A Lichess, dandalin kyauta da Bafaranshe Thibault Duplessis ya buɗe a 2010, ba a cire komai. Haɗarinta a fili yake. In ka ɗana, shi kuma ya yi abin da ba ka zata ba, sarauniyarka na iya faɗawa bakin soja a banza. Don haka gwani kan ɗana abin da ba zai cutar ba ko ta ina aka ɓullo, misali ramuwar ci, wadda in ba a ci ba sai ta soke kanta. A wasan minti 1, wanda ake yi wa laƙabi da harsashi, wannan ita ce rabin sana'ar.

Mai kallo yana da mataimaki: wani ma'auni a gefen allo, baƙi da fari, da injin lissafi irin su Stockfish ke motsawa don nuna wanda ke gaba. Yana da amfani, sai dai yana sa mutum raina abin da bai isa ya yi ba, domin 'yan wasan ba sa ganinsa. Shawarata, ka rufe shi da yatsa, ka zaɓi takunka kafin gwanin ya yi nasa.

Kullen annobar korona ne ya ɗaga harkar ces ta intanet. A Afrilun 2020 Magnus Carlsen na Norway ya shirya gasa ta intanet mai kyautar dala 250,000, ya kuma doke Nakamura a wasan ƙarshe. Nakamura ya riƙe kambun gasar sauri ta Chess.com sau biyar a jere, daga 2018 zuwa 2022, sai a 2023 Carlsen ya ƙwace.

Duk da haka, akwai abin da ya fi ƙarfin hannu da ido. A watan Agustan 2020, a wasan ƙarshe na gasar ƙasashe da FIDE ta shirya ta intanet, layi ya katse wa 'yan Indiya biyu, Nihal Sarin da Divya Deshmukh, suna tsaka da karawa da Rasha, agogonsu ya ƙare. Indiya ta ɗaukaka ƙara, FIDE ta ba ƙasashen biyu zinare tare.