Tribble 1,771,561: abin da fitowar barkwanci ke yi a finafinan kimiyya

Idan kana bin finafinai masu dogon zango na ƙagaggen labarin kimiyya, ka san irin wannan makon. A fitowar da ta wuce an bar ka ana shirin yaƙi tsakanin duniyoyi, ka gyara zama don ganin yadda za ta kaya, sai ka tarar kyaftin ɗin kumbo yana fama da wasu ƙananan halittu da suka faɗa masa cikin kofin shayi. Babban labari bai matsa ko taku ɗaya ba. Masu kallo da yawa suna kiran irin wannan fitowa cikon benci, wasu ma har jerin sunayensu suke yi don sabon mai kallo ya tsallake. Ni dai ina ganin a cikin waɗannan 'yan cikon bencin akwai waɗanda suka fi fitowar yaƙin riƙe kimiyya da muhimmanci, kuma akwai hanyar gane su.

Da farko, me ya kawo su? Lissafin kuɗi da lokaci ne. A tsarin talabijin na Amurka na da, zango ɗaya yakan kai fitowa 22 zuwa 26 a shekara. Star Trek: The Next Generation ya yi fitowa 178 a zango bakwai. Ba kowane mako za a iya gina sabuwar duniya ko a tarwatsa kumbo ba, kuma marubuta ma 'yan Adam ne. Don haka sai a tsakura wasu makonni masu sauƙin kashe kuɗi, wasu kuma masu sauƙin nauyi a zuciya. Wannan ya bayyana dalilin samuwarsu, amma bai gaya mana wacce ta yi kyau ba.

Mu ɗauki wadda ta fi kowacce suna, "The Trouble with Tribbles" ta Star Trek na asali, wadda David Gerrold ya rubuta, aka nuna ta a watan Disamba na 1967. A lokacin kowace fitowa da labarinta take zuwa, saboda haka kiran ta cikon benci akwai ɗan son kai, amma ita ce uwar duk waɗanda suka biyo baya. An kira kumbon Enterprise zuwa wata tashar sararin samaniya mai suna K-7 don ya yi gadin hatsin da za a kai wata duniya da ake taƙaddama a kanta da 'yan Klingon. Kyaftin Kirk yana ganin an raina masa wayo, a ce shi ne mai gadin rumbu. Ana haka sai wani ɗan kasuwa ya ba Uhura wata 'yar halitta, dunƙulen gashi ce kawai, ba ido ba ƙafa, sai gurnani mai kwantar da hankali. Sunanta tribble. Kafin a ankara sun cika kumbon, sun shiga rumbun, sun cinye hatsin.

Ga inda nake so ka tsaya. Lokacin da Kirk ya buɗe ƙofar rumbu halittun suka zubo masa a ka, Spock ya faɗi adadinsu ba tare da ko murmushi ba: 1,771,561. Ya ce ya ɗauka an fara da guda ɗaya, kowace tana haifar goma duk bayan awa 12, har tsawon kwana uku. Ɗauki biro ka gwada. Kwana uku awa 72 ne, wato haihuwa shida. Idan ka ninka 10 sau shida miliyan ɗaya cif za ka samu, ba adadin Spock ba. To ina ragowar? Uwar ba ta mutuwa bayan ta haihu. Ɗaya ta haifi goma, sun zama 11. Sha ɗayan nan kowace ta haifi goma, sun zama 121. Daga nan 1,331, sai 14,641, sai 161,051, sai 1,771,561. Lissafin daidai yake har lambar ƙarshe. A cikin wasan barkwanci fa, inda ba wanda zai kama su da sun faɗi kowace lamba ta zo bakinsu.

Kuma ka lura da abin da ke ba ka dariya. Ba wanda ya sa tufafin wawa, ba wanda ya zame ya faɗi. Abin dariyar shi ne yadda hankalin mutum ba ya iya hango ninkin-ba-ninki. Bayan kwana ɗaya 121 ne kacal, abin sha'awa, kowa na so a ba shi ɗaya. Bayan kwana biyu sun haura dubu 14. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na dukkansu a haihuwar ƙarshe suka zo. Irin wannan makantar ce ke sa a raina annoba a makonninta na farko. Ita ce kuma ta faru a Ostireliya, inda Thomas Austin ya saki zomaye kaɗan a gonarsa a 1859 don nishaɗin farauta, suka yaɗu har suka zama bala'i ga noma da kiwo, sai a 1950 aka sako musu wata cuta da gangan don a rage su. Spock ma ya ba da bayanin da masanin halittu zai yarda da shi: a duniyarsu ta asali akwai masu cinye su, an ɗauko su an kawo inda abinci ya wadata kuma babu maƙiyi. Hatta hatsin ba daga iska aka ciro sunansa ba. Quadrotriticale suka kira shi, daga triticale, wanda hatsi ne na gaske da aka samar ta hanyar haɗa alkama da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rye.

Sai kuma labarin ya yi abin da ya fi burge ni. An tarar da yawa daga cikin halittun da ke rumbun sun mutu, ta haka aka gano an sa wa hatsin guba. Kuma da yake tribble ba ta jituwa da ɗan Klingon, ihunta ne ya tona asirin ɗan leƙen asirin da ya yi shigar mutane. Wato abin da ka ɗauka wasa ne shi ya warware matsalar. Cire barkwancin, labarin ya rushe.

Ba wai ba ta da aibi ba. A ƙarshe Scotty ya kwashe halittun ya tura su cikin kumbon 'yan Klingon, kowa ya fashe da dariya, aka tashi. Fitowar da ta yi minti hamsin tana nuna mana illar kai baƙuwar halitta inda ba muhallinta ba, ita ce ta rufe da aikata hakan a matsayin raha. Sai a 1996, da Deep Space Nine ya koma wannan labari a "Trials and Tribble-ations" don bikin cikar Star Trek shekara 30, aka sa Worf ya ba da labarin cewa daga baya 'yan Klingon sun farauce su har suka hallaka duniyarsu ta asali. Nan ma da dariya aka karɓi maganar.

Yanzu kwatanta da "The Outrageous Okona" ta The Next Generation, 1988. A nan Data, mutum-mutumin da ba ya jin abin da mutane ke ji, yana son ya koyi ban dariya, sai ya sa kwamfuta ta ƙirƙiro masa ɗan wasan barkwanci ya koya masa. Tambayar mai kyau ce ƙwarai: shin na'ura za ta iya gane abin dariya? Amma maimakon a bi tambayar, sai aka cika lokacin da kwaikwayo da yamutsa fuska. Wuri ɗaya kawai ya yi rai, inda Data ya lura cewa 'yan kallon da kwamfuta ta ƙirƙiro suna dariya ga duk abin da ya yi, ko da ɗaga hannu ne, don haka dariyarsu ba ta auna komai. Wannan shi ne labarin da ya kamata a ba mu. Sauran duk za ka iya yanke su ka liƙa a kowane fim, ba abin da zai canja, kuma wannan ne ainihin cikon benci.

The X-Files ya fi kowa iya wannan sana'a. A "Bad Blood" ta 1998, wadda Vince Gilligan ya rubuta tun kafin ya yi Breaking Bad, Mulder ya soke wani yaro da yake zaton mai shan jini ne a wani ƙaramin gari a Texas, kuma dole shi da Scully su daidaita bakinsu kafin su je gaban shugabansu. Sai kowa ya ba da nasa labarin. A bakin Scully, shugaban 'yan sandan garin kyakkyawa ne mai hankali, Mulder kuma sarkin rawar kai. A bakin Mulder, mutumin nan haƙoransa a waje suke, Scully kuma ba ta da aiki sai mita. Ba wanda ke ƙarya da gangan a cikinsu. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane hoton bidiyon haɗarin mota, suka tarar kalmar da aka yi amfani da ita a tambaya tana canja gudun da mutum zai ce ya gani. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nuna ragargazewa sun faɗi gudu mafi yawa, kuma bayan mako guda sun fi cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi. Fim ɗin da gaba ɗayansa ya dogara a kan shaidar “na gani da idona” ya ware mako guda ya yi wa wannan shaidar dariya. A fitowa mai ɗaure fuska da wuya su iya, don zai zama suna sare reshen da suke zaune a kai.

Mai ƙorafi yana da gaskiyarsa a yau, ban musa ba. Zangon finafinan da ake kallo ta intanet yanzu fitowa takwas ne ko goma, wani lokacin ma sai ka jira fiye da shekara. Da Star Trek: Strange New Worlds ya yi fitowar da kowa ke rera waƙa a 2023, ɗaya ce cikin goma, ba ɗaya cikin 26 ba, kuma wanda ya ji an ci masa lokaci ba zan ce ya yi rashin adalci ba. Sai dai idan wani ya miƙo maka jerin fitowar da za ka tsallake, duba ko ta tribble na ciki. Idan tana ciki, kalle ta, ka zuba ido wurin da Kirk ke tsaye a binne har ƙirji yana ƙoƙarin yin magana da martabar kyaftin, ana ci gaba da jeho masa su ɗaya bayan ɗaya daga sama.