Ajiye sanyi a ƙwayar kaki: bitar littafin Mehling da Cabeza

Kilo ɗaya na ƙanƙara yakan shanye zafi kusan kilojul 334 kafin ya gama narkewa, kuma duk tsawon narkewar ma'auninsa yana nan a sifili. A kan wannan ɗabi'a Harald Mehling na Jamus da Luisa Cabeza ta Jami'ar Lleida a Sifaniya suka gina littafinsu, Heat and Cold Storage with PCM, wanda Springer ya buga a 2008. Maganarsa ita ce abubuwan da ke ajiye zafi ko sanyi ta hanyar narkewa da daskarewa.

Inda littafin ya fi armashi, a ganina, shi ne batun kakin farafin da ake rufewa cikin ƙananan ƙwayoyi masu ɓawon roba, waɗanda kaurinsu bai kai silin gashi ba. Idan kakin ya narke ba ya tsiyaya, don haka ana iya cuɗa ƙwayoyin cikin allon shafen bango, ko a zuba su a ruwa a tura ta bututu da famfo. Zaɓin kaki kuwa ya danganta da aikin: wani na narkewa a wajen digiri 6, daidai da ruwan sanyaya gini, wani sai 18, wani 28.

Marubutan ba 'yan talla ba ne, abin da ya sa na amince da su ke nan. Ba su ɓoye cewa kaki yana da nawa wajen isar da zafi ba, ga shi yana cin wuta. Sun kuma yi bayanin taurin kan daskarewa: idan ƙwaya ta yi ƙanƙanta, da wuya a sami ɗan ƙwarzanen da daskarewa za ta fara a kansa, sai kakin ya wuce ma'aunin daskarewarsa yana ruwa. Injin sanyayawa ya ƙara wahala, ribar wutar lantarki ta ragu. Sashen auna ƙarfin ajiya ma, duk da bushewarsa, ɗalibin injiniya zai gode masa.

Sai dai misalan gine-ginen sun karkata ga yanayin Turai. Bangon da kakinsa ke narkewa a digiri 26 yana jiran sanyin dare ya sake daskarar da shi, mai zama a Sakkwato kuwa ya san daren bazara ba ya yin wannan alfarma. Shekaru ma sun ja: ƙwayoyin Micronal da littafin ya ambata, kamfanin BASF ya sayar da harkarsu a 2017. Mai karatu a yankinmu ya fara da sashen akwatunan jigilar magani da jini, can amfanin ya fi kusa da shi.